Wa Zai Yi Mana Bayanin Wata da Hausa?

Ɗan yayata yana aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, kuma tun da aka saya masa waya ba ya rabuwa da bidiyoyin sararin samaniya. Ban ga laifinsa ba. Da ya raba dare yana kallon raye-rayen TikTok, gara taurari. Ana saura 'yan kwanaki a fara duban watan azumi na same shi a zaure ya toshe kunnuwa, yana kallon wani Bature na bayanin yadda wata ke kewaya duniya. Hoton tar da shi, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Da bidiyon ya ƙare sai ya ɗago ya ce, "Kawu, wallahi mutumin nan ya iya bayani. Komai na gane."

Na ce to madalla, tunda ka gane, faɗa mini: me ya sa jinjirin wata ke fitowa siriri kamar lauje, bayan mako biyu kuma ya cika?

Ko tunani bai tsaya yi ba. "Inuwar duniya ce ke rufe shi, Kawu. Kullum tana ɗan janyewa."

Na karɓi wayar na mayar da bidiyon baya, don na zaci ko Baturen ne ya yi ɓaranɓarama. Ashe daidai ya faɗa: a kowane lokaci rabin wata na cikin hasken rana, abin da ke sauyawa kawai shi ne yawan ɓangaren nan mai haske da ke fuskantarmu. Yaron ya ji wannan da kunnensa, har ya gyaɗa kai. Amma maganar ta shiga ta tarar da wata amsa zaune daram a kansa tun yana firamare, ta gaishe ta, ta fice ta ɗaya kunnen.

Wannan ɗan abin da ya faru a zauren gidanmu shi ya sa na daina yarda da masu cewa matsalarmu ta ilimin kimiyya ta kusa ƙarewa tunda yanzu komai na YouTube, abin da ya rage kawai a fassara mana. Fassara ba za ta wadatar ba. Bidiyon da ke koyar da mutum shi ne wanda ya san kuskuren da mai kallo ya zo da shi, ya fito da shi fili, ya yi kokawa da shi har ya kayar. Wanda kuma ya san abin da ke kan Bahaushe game da wata, da tsawa, da zazzaɓi, da haƙoran jariri, ai wanda ya tashi a cikinmu ne.

Ba ni na fara lura da haka ba. Akwai wani masanin fiziks mai suna Derek Muller, mai tashar Veritasium a YouTube, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sydney ta Ostiraliya a kan wannan matsala, ya kammala a 2008. Ya ba ɗalibai jarrabawa kan dokokin motsi na Newton, ya nuna musu bidiyo mai bayani dalla-dalla, sannan ya sake ba su jarrabawar. Ɗaliban suka ce bayanin ya fita sarai, suka ƙara samun tabbaci a kan amsoshinsu, amma makinsu kusan bai motsa ba. Wani rukunin kuma aka nuna musu bidiyon da a ciki wani ke faɗin irin kuskuren da yawancin mutane ke ɗauke da shi, malami na ja da shi har gaskiya ta bayyana. Waɗannan suka yi ƙorafin cewa abin ya rikita su. Makinsu kuwa ya kusa ninkawa. Wato daɗin bayani kan sa mutum ya saki jiki, ya ɗauka abin da ake faɗa shi ne abin da ya riga ya sani, sai ya tashi da kuskurensa ya ƙara masa ƙarfi.

A daren nan bayan isha'i, da ma babu wuta, na shigar da yaron ɗaki na rufe ƙofa. Na ɗora tocila a kan sif na ce wannan ce rana. Na miƙa masa lemo ɗaya na ce ga wata, kanka kuma shi ne duniya, miƙe hannunka ka riƙa juyawa a hankali. Da lemon ke saitin tocila, gefen da ke kallonsa duhu ne ƙirin. Ya ɗan gusa kaɗan, sai ga wani siririn haske ya bayyana a bakin lemon. Ya tsaya cak. Ya ci gaba da juyawa, hasken na ƙaruwa, ya zama rabi, har ya ba tocila baya lemon ya haske gaba ɗaya. Can sai ya sauke hannu kaɗan, inuwar kansa ta faɗa kan lemon. Na ce yauwa, ga inuwar duniyar da kake magana, wannan shi ne husufin wata, shi ya sa ba a taɓa yinsa sai wata ya cika, daren sha huɗu ko sha biyar. Na tambaye shi kuma, in za a duba jinjirin wata ina ake fuskanta? Ya ce yamma, inda rana ta faɗi. To inuwar mutum tana faɗuwa wajen fitila ne ko ɗaya gefen? Ya yi shiru, sannan ya fashe da dariya. Duka abin bai ci minti goma ba, kuɗinsa kuma lemo ɗaya, wanda muka ɓare muka sha.

Kada a ɗauka ina kushe bidiyoyin waje ne. Allah ya sani sun yi mana rana. Ɗalibi nawa ne a Arewa ya gama sakandare a ajin kimiyya bai taɓa leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta ba, ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu ya zama wurin ajiye karyayyun kujeru? Irin wannan yaron, in ya ga ƙwayar halitta na rabewa biyu a allon waya, ya ga abin da malaminsa ma wataƙila a littafi kawai ya gani. Salman Khan, wani Ba'amurke (ba jarumin finafinan Indiya ba), da ya fara ɗora darussan lissafi a YouTube a 2006 don 'yan uwansa, abin ya zama Khan Academy, ya fitar da yaranmu da yawa kunya a jarrabawa. Malami a waya ba ya gajiya, ba ya tsawa, ba ya yajin aiki, ka mayar da shi baya sau goma ba zai ce kai daƙiƙi ne ba. Duk na yarda. Sai dai wa ke cin wannan moriya? Wanda Turancinsa ya nuna har yana iya bin Ba'amurke mai magana ta hanci da sauri, yana da kuɗin data, yana da inda zai yi caji. Ka cire waɗannan, ka ga mutum nawa suka rage a layinku. Uwar gida da ke rainon 'ya'ya biyar, da manomi, da almajirin da ya sauke ya kama sana'ar gyaran babur, su ma suna da waya, su ma suna kallo, amma abin da ke isa gare su da harshensu wani abu ne daban.

Na zauna na kalli irin waɗannan da yawa, don kada in yi shaidar zur. Kaso mafi girma sunansu "abin al'ajabi". An gano kifi mai kan mutum. An ji kuka daga ƙarƙashin ƙasa. Masana sun gano kaza, ba a faɗin su waye masanan, a wace jami'a, a wace shekara. Hotunan na sata ne ko na ƙirƙirar kwamfuta, muryar ma yanzu sau da yawa ta na'ura ce, tana karanta Hausa ba karin sauti, ta mayar da "gora" ta sha ruwa "gora" ta duka. Sai kuma masu magani, waɗanda suka baro bakin tasha da lasifikarsu suka dawo waya, kwalba ɗaya tana maganin sanyi da basir da taifot da olsa da rashin haihuwa. Su kam sun san abin da ke kan mai kallo sarai, kuma da shi suke kasuwa. Abin haushin ke nan: dabarar da ya kamata malamin kimiyya ya riƙe, ɗan damfara ne ya riƙe ta.

Wanda ya manta illar wannan ya tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola. Ni da asuba waya ta tashe ni, wata gwaggona ce daga ƙauye, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce in tashi in yi wanka da ruwan gishiri in kuma sha kafin gari ya waye. Kafin hantsi ƙasar gaba ɗaya ta ɗauka, masu digiri da marasa shi. An kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu, musamman masu hawan jini. A lokacin ma bidiyo bai yaɗu a wayoyi kamar yanzu ba.

Koyarwa da hoto mai motsi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun san majigi: motar gwamnati da janaretanta ta iso ƙofar gidan hakimi, bayan magariba a kafa farin ƙyalle, gari ya taru, a nuna yadda ake haƙa masai, da tsaftar rijiya, da noman gyaɗa da auduga, a haɗa da labaran manya. Tun zamanin Turawa aka fara, aka ci gaba bayan samun 'yanci, tare da gangamin Yaƙi da Jahilci. A Nijar ma tun 1964 aka fara gwajin koyar da 'yan firamare ta talabijin, da Faransanci. Abin da mahaifina ya fi tunawa game da majigi kuwa, in yana ba mu labari, shi ne mutumin da ke riƙe da lasifika yana fassara. In gwani ne, ba ya bin fim ɗin kalma da kalma. Zai ce, "Kun ga wannan? Irin su Malam wane ne, da ke cewa ruwan kududdufi ya fi na rijiya garɗi." Jama'a su kwashe da dariya, Malam wane ya sunkuyar da kai, saƙo ya shiga. Fim ɗin na Bature ne, darasin kuma na mai lasifika.

Ka duba tarin abin da ke jiran irin wannan mutumin a yau. Muna kiran bakan gizo masha-ruwa, wai in ya fito ya shanye hadarin. Mai bidiyon kirki ba zai ce wannan camfi ne ya wuce ba. Zai fara da yarda cewa lallai sau da yawa in ya fito ruwan ba ya yin ƙarfi, sannan ya nuna dalili: bakan gizo ba ya samuwa sai rana na haskawa ta bayanka, ɗigon ruwa na gabanka, wato sai hadarin bai rufe sama duka ba. Daga nan ya ba rana baya da la'asar, ya guntsi ruwa a buta ya fesa, bakan gizo ya bayyana a tsakar gida, kowane yaro ya je ya gwada. Ko batun haƙori: kowace uwa ta san in jariri zai yi haƙori sai ya yi gudawa, kuma ta gani da idonta, ba za ka ce mata ƙarya take ba. Abin da za a nuna mata shi ne, a daidai watannin nan ne yaro ke fara rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, ana kuma fara ba shi koko da ruwan da ba a tafasa ba. Bambancin ba ƙarami ba ne. Wadda ta ɗauka haƙori ne za ta jira ya fito, wadda ta san ƙwayar cuta ce za ta haɗa ruwan gishiri da sukari tun yaro bai galabaita ba. Haka zazzaɓin da ake ɗora wa dukan ruwan sama, alhali ruwan sauro ya hayayyafar, haka cire beli, haka jan kaya da ake cewa yana kiran aradu.

Wani manomi a kasuwar ƙauyenmu ya taɓa ce mini buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake adana wake, magani aka shafa a jikin ledar, kuma maganin kan sane bayan shekara. Saboda haka shi yakan buɗe lokaci-lokaci ya duba, in ya ga ƙwaro ya ƙara da nasa maganin feshi. Alhali babu ko ɗigon magani a buhun. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka ne suka fito da shi, sirrinsa kuma ɗaya ne: in an ɗaure shi tam, ƙwarin na shaƙe 'yar iskar da ke ciki su ƙarar da ita, su daina ci da haihuwa, su mutu. Duk buɗewar da ya yi, rai ya mayar musu. Da za a kunna kyandir a kifa masa kwalba a gaban kyamara, a bar mutumin nan ya ga wutar na mutuwa da kanta, an gama bayani, kuma an rage waken da ke isa tukunyarmu da guba.

A Zamfara a 2010, yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma. Iyayensu na kawo duwatsun zinariya gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba mugunta ba ce, ba kuma rashin son 'ya'ya ba. Ba wanda ya taɓa nuna musu cewa ƙurar da ba ta da wari ba ta da ɗaci tana iya shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ba na cewa bidiyo zai hana talaka haƙar zinariya. Amma tsakanin daka dutse a gida da daka shi a bayan gari, da wanke jiki da sauya kaya kafin a ɗauki yaro, akwai rayuka.

Kimiyyar ma ba duka ce ta cuta da mutuwa ba, kada mu mayar da ita wa'azin asibiti. Akwai ta jin daɗi, irin wadda ke sa mutum ya kalli abin da ya saba gani kamar yau ya fara ganinsa. Hazon da ke busar mana da leɓe da hunturu, mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, inda a da can ƙasan wani makeken tafki ne. Ƙurar nan tana ƙetare tekun Atlantika ta sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, ɗauke da sinadarin fosforas, wato "P" ɗin nan da ke jikin buhun takin NPK. Abin da ke sa mu tari, taki ne a wata nahiya. Gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina lokacin da kowace bishiya ke yin kore, ya kuma yi ganye da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa: ba ya tare masa rana, ga takin ganye, ga kashin dabbobin da suka sha inuwarsa da rani. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka koma barin kututture ya tofo a gonakinsu tun shekarun 1980 sun dawo da miliyoyin bishiyoyi ba tare da dashe ba. Shamuwa da muke cewa ta kawo damina, ina take zuwa in ta tafi? Kudu take yi, ta ƙetare tsakiyar duniya zuwa gabashi da kudancin Afirka, ta ci fara a daminarsu, ta dawo ta yi sheƙa a tamu. Zara matar wata da ake gani da magariba, da Gamzaki na asuba, abu ɗaya ne, duniyar Zuhura ce, wani lokaci tana bin bayan rana wani lokaci tana riga ta fitowa. Na faɗa wa wani dattijo wannan, ya ce in bari sai ya yi shekara yana lura kafin ya yarda, kuma a raina na ce wannan ya fi ɗalibai da yawa fahimtar mece ce kimiyya.

Randa ma kaɗai ta ishi mutum darasi. Me ya sa ruwanta ya fi sanyi da bazara, lokacin da gari ya fi zafi, fiye da tsakiyar Agusta? Domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu in zai bushe sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi, kamar yadda gumi ke yi a jikinmu, kuma busasshiyar iska ta fi saurin ɗauke shi. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, da wannan ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya suka riƙa daɗewa ba firji, har aka ba shi kyautar Rolex a 2000. Turawa sun yi bidiyo a kan aikinsa da Turanci. Yaran Dutse kuwa haddace ma'anar abin suke yi da harshen da ba su gama ji ba, randar na nan a gindin bishiyar gidansu.

In ka kawo wannan magana a gaban 'yan boko, abin da za su fara ce maka shi ne Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Ni wannan hujja ta daina burge ni tun ranar da na zauna a garejin wani makanike ina jiran mota. Mutumin ko firamare bai gama ba, amma ya yi wa yaronsa bayanin yadda fetur ke haɗuwa da iska a kafireta, fulogi ya ba da wuta, hayaƙi ya fita ta salansa, duk da Hausa, ba inda ya yi tuntuɓe. Wane kwamiti ne ya zauna ya amince da "birki" da "totur" da "giya"? Harshe ya haɗiye su ne don ana bukatarsu. Oksijin ma haka za ta shiga, ta ma riga ta shiga ta ƙofar asibiti. Wanda ya tsaya jiran ƙamus kafin ya fara bayani, ina jin ba kalma ce ta gagare shi ba, abin ne bai gama fahimta ba, Turancin ke rufa masa asiri. Gwamnatin tarayya ta ce a 2022 za a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 kuma ta janye. Nijar a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Manufofi na zuwa suna tafiya. Wayar da ke hannun mutane dai ba ta jiran izinin minista.

Abin da ya fi kalmomi wuya shi ne kuɗi, kuma a nan ba na ganin laifin matasan da suka fara da zuciya ɗaya suka watsar. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai a cikakken tsarinsa, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. In ka kai, abin da ake biya kan masu kallo daga Najeriya ko Nijar bai kama ƙafar na Amurka ba. Bidiyo ɗaya mai inganci kan ci mako guda na karatu da ɗauka da gyara, a garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa. Na kifi mai kan mutum kuwa awa ɗaya ya isa, kuma shi zai fi samun masu kallo. Ga data da aka amince a Najeriya a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Mutanenmu da yawa ma ba a intanet suke kallo ba. Shagon mai caji suke zuwa a tura musu a memori tare da fassarar finafinan Indiya, ko aboki ya tura musu ta Xender, kallon da ba ya shiga lissafin kowane kamfani balle a biya. Saboda haka kasuwa ita kaɗai ba za ta haifar da abin nan ba. Sai an ɗauki nauyinsa kamar yadda ake ɗaukar nauyin rijiya ko tafsirin azumi, a yi shi gajere mara nauyi, a kuma ce duk mai so ya kwafa ya raba. Attajirin da ke raba buhunan shinkafa da sallah, kuɗin tirela ɗaya zai riƙe malamai uku da mai kyamara shekara guda.

Jami'o'inmu kuma sai sun sauko. Malami a Zariya ko Kano ko Sakkwato ana ƙara masa girma ne da maƙalar da ya buga a mujallar da mutum ashirin za su karanta. In ya ɓata wata guda yana yi wa manoma bayanin ciyawar wuta-wuta da Hausa a bidiyo, abokan aikinsa za su ce ya zama ɗan TikTok. Malaman addini ba su yi wannan girman kan ba. Sun rungumi kaset, suka koma CD, suka koma waya, shi ya sa yau ɗan acaɓa zai kawo maka saɓanin malamai kan mas'ala ɗaya da hujjar kowane ɓangare. Jama'ar da ke iya bin wannan zurfin ba za a ce bayanin yadda allurar rigakafi ke aiki ya fi ƙarfinta ba. Mun ga abin da rashin bayanin ya jawo a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004.

Masu tsoron kada kimiyya ta ci karo da imani kuwa, su tuna ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Annabi da kansa ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla. Ya fara da abin da ke bakin mutane, sannan ya warware shi. Duk da haka a Janairun 2001, daren da wata ya yi husufi, matasa a Maiduguri suka fita ƙone-ƙone, wai zunubin wasu ne ya jawo. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 kuma, da rana ta rufe ruf da hantsi a Gusau da Katsina, kaji suka nufi akurki, an samu sauƙi ne domin rediyo ya yi kwanaki yana shelar cewa abin na tafe.

Wani husufin na tafe. Ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 inuwar wata za ta bi ta Maroko, Aljeriya, Libiya da Masar, ta ƙetare Bahar Maliya, ta rufe rana gaba ɗaya a Jidda da Makka da tsakar rana. Mu nan wani yanki na ranar kawai za mu ga ya ɓace. An san ranar, an san mintin, tun shekaru da dama, domin tafiyar wata lissafi gare ta: kwana 29 da rabi daga jinjiri zuwa jinjiri, shi ya sa watanmu ke yin 29 ko 30, hanyarsa kuma ta ɗan karkace da kimanin digiri 5, shi ya sa ba kowane ƙarshen wata yake tare rana ba. Amma ka ƙiyasta abin da zai shigo wayar gwaggona a yammacin ranar: hoton Ka'aba cikin duhu da azahar, da muryar na'ura, da kiɗan tsoro a ƙasa. Masu wannan sana'a a shirye suke, ba sa bukatar kowa ya ɗauki nauyinsu.

Na gaya wa ɗan yayata ranar, ya rubuta a bangon littafinsa na fiziks. Ya ce in Allah ya kai mu zai ɗauki nasa bidiyon kafin lokacin, da lemo da tocila, kuma kakarsa zai fara zaunarwa a gaban kyamara ta faɗi abin da aka gaya musu suna yara, lokacin da suke fita da gwangwanaye suna kaɗawa don rana ta saki wata. Kakar ta ce ta yarda, amma sai ya bari ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau.